Saudiyya ta sayi kamfanonin wasannin bidiyo, amma wa zai koya wa matasan Makka zana su?

A ƙarshen watan Satumban 2025 aka sanar da ɗaya daga cikin cinikayya mafi girma a tarihin masana'antar wasannin bidiyo. Asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, PIF, tare da wasu kamfanoni biyu na Amurka, sun amince su sayi kamfanin Electronic Arts a kan dala biliyan 55. Kamfanin shi ne mai wasan ƙwallon ƙafar nan da aka daɗe ana kira FIFA, wanda matasa ke bugawa a shagunan gem daga Kano zuwa Yamai.

Watanni shida kafin nan, kamfanin Scopely, wanda shi ma mallakin Saudiyya ne, ya sanar da sayen sashen wasannin kamfanin Niantic a kan dala biliyan 3.5, ciki har da Pokémon Go. A shekarar 2001 kuwa, hukumar fatawar ƙasar ce ta haramta wasan Pokémon, bisa hujjar cewa akwai caca a cikinsa da alamomin da suka saɓa wa aƙida.

Waɗannan kamfanoni suna ƙasashen waje, haka ma galibin masu zana musu wasannin. Saudiyya na son a riƙa yin aikin a cikin gida, da hannun ƴaƴanta. Wannan buri ne ya mayar da karatun zanen wasannin bidiyo abin tattaunawa tsakanin iyaye da ƴaƴa a ƙasar. A Makka batun ya fi nauyi, domin a nan ne kuɗin gwamnati, da tsohuwar mas'alar zanen abu mai rai, da alfarmar birnin suka haɗu a kan teburin ɗalibi guda.

Alƙawarin 2030

A watan Satumban 2022 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da shirin ƙasa na wasannin bidiyo da gasanninsu. Shirin ya yi alƙawarin samar da guraben aiki 39,000, da ƙara riyal biliyan 50 a tattalin arzikin ƙasar, da fitar da wasanni sama da 30 masu iya gogayya a kasuwar duniya daga kamfanonin cikin gida, duka kafin ƙarshen 2030. A cikin watan ne kuma aka ware wa kamfanin Savvy Games Group, mallakin PIF, riyal biliyan 142, kimanin dala biliyan 38.

Lissafin gwamnati a fili yake. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa kashi 63 cikin 100 na ƴan ƙasar ba su kai shekara 30 ba. Matasan na kashe kuɗi da lokaci a kan wasannin da aka yi a Amurka da Japan da China, ƙasar kuma na neman hanyoyin shigar kuɗi da ba su dogara da man fetur ba.

Ɓangaren saye ya tafi da sauri. Savvy ya sayi kamfanonin shirya gasa na ESL da FACEIT a 2022, ya sayi Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023. PIF ya sayi hannun jari a Nintendo da Capcom da wasunsu. A 2024 aka fara gasar duniya ta wasannin bidiyo a Riyadh, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60.

Alƙawarin wasanni 30 shi ne mai wuya. Ana kammala cinikin kamfani cikin watanni, amma mai zane yana buƙatar shekaru huɗu a makaranta, da wasu shekarun a bakin aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi gogewa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, 2030 kuwa ta matso.

Me ake koya a wannan fanni?

Mutane da dama na ɗauka cewa masu rubuta manhaja ne kaɗai ke yin wasan bidiyo. A manyan kamfanoni, masu zane na cikin rukunin ma'aikata mafi yawa, kuma aikinsu kashi-kashi ne.

Akwai mai zanen farko, wanda ke fitar da kamannin jarumi da tufafinsa da garinsa tun wasan yana kan takarda. Daga shi sai mai gina siffar a kwamfuta, ya ba ta tsawo da faɗi da kauri, abin da ake kira 3D. Wani ya shafa mata launi yadda za a bambance fata da ƙarfe da yadi. Wani ya sa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi, sannan mai motsi ya koya mata tafiya da gudu da faɗuwa. Akwai masu gina muhalli, da masu haske da inuwa, da masu tsara maɓallan da ɗan wasa ke gani a allo. Akwai kuma wanda ke tsaye tsakanin masu zane da masu manhaja, yana tabbatar da cewa kyan zanen bai yi wa waya ko na'ura nauyi ba.

Saboda haka manhajar karatu mai inganci takan fara ne da fensir: zanen jikin ɗan Adam da na dabba, ilimin nisa da kusa a zane, haɗa launi, da tarihin fasaha. Bayan haka ɗalibi ya koma kan manhajoji irin su Maya da ZBrush da Blender, da injinan haɗa wasa irin su Unity da Unreal Engine. A shekarun ƙarshe ɗalibai kan haɗu rukuni-rukuni su fitar da ƙaramin wasa, domin a wannan sana'a hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Girman aikin ya fito fili a 2023, lokacin da wasu takardun kamfanin Sony da aka gabatar a wata kotun Amurka suka nuna cewa wasan Horizon Forbidden West ya ci dala miliyan 212, da shekara biyar, da ma'aikata sama da 300. Ƙasar da ke son wasanni 30 masu gogayya a duniya, ko da ƙanana ne a kan wannan, tana buƙatar dubban ƙwararru.

Abin da Makka ke da shi

Babbar jami'ar birnin ita ce Ummul Ƙura, wadda ta samo asali daga Kwalejin Shari'a da aka kafa a 1949, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1981. Hausawa sun fi saninta da karatun addini da Larabci, domin malamai da dama daga Najeriya da Nijar sun yi karatu a cikinta. Amma tana da kwalejin ilimin kwamfuta, da kwalejin zane da fasaha, da kamfanin Wadi Makkah mai tallafa wa ƙananan kamfanonin fasahar zamani. Waɗannan su ne ɓangarorin da sana'ar wasan bidiyo ke buƙata, kuma ingancin horon da ɗalibi zai samu ya rataya ne a kan yadda za a haɗa mai zane da mai manhaja su yi aiki ɗaya tun suna aji.

Jidda, wadda ke cikin lardin Makka, ƙasa da sa'a guda ce a jirgin ƙasan Haramaini da ya fara aiki a 2018. A can Jami'ar Effat ta buɗe sashen shirya fina-finai da zane mai motsi tun 2013, da haɗin gwiwar makarantar fina-finai ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, a lokacin da gidajen sinima ke haramce a ƙasar. An kafa jami'ar ne domin mata, haka ma Darul Hikma mai kwasa-kwasan zane. Wannan ya sa mata suka kasance cikin na farko da suka samu horon zamani a fannin a yankin Hijaz.

Sai dai cibiyar sana'ar tana Riyadh. A can hedikwatar Savvy take, da kamfaninsa na haɗa wasanni, Steer Studios. A can Makarantar Tuwaiq ke gudanar da kwasa-kwasan ƴan watanni, a kusa da can kuma ake gina birnin nishaɗi na Qiddiya, wanda aka ware wa wasannin bidiyo unguwa guda a cikinsa. Makarantar DigiPen ta Amurka, wadda ta shahara a fannin, ta gudanar da horaswa a ƙasar tare da hukumomin gwamnati.

Makka na da wani sharaɗi da babu shi a Riyadh ko Jidda: wanda ba Musulmi ba ba ya shiga birnin. Ƙwararren malami daga Japan ko Faransa, idan ba Musulmi ba ne, ba zai tsaya gaban aji a Ummul Ƙura ba, kamfanin waje kuma ba zai turo irin wannan ma'aikaci can ba. Wannan na rage wa birnin hanyoyin samun ƙwarewa. Amma sharaɗin na da wata fuska: duk wani aikin zane da ke buƙatar a ga Harami da Mina da Arfa da ido, a auna su, a ɗauki hotunansu, Musulmi ne kaɗai zai yi shi.

Mas'alar zanen abu mai rai

Tambayar farko da uba zai yi wa ɗansa ko ƴarsa a Makka, kamar yadda zai yi a Sakkwato, ita ce ta halacci. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai, kuma malamai sun daɗe suna tattauna iyakar wannan hani.

Manyan malaman Saudiyya na ƙarnin da ya wuce, irin su Sheikh Abdul'aziz bin Baz, sun tsananta, sun haɗa zanen hannu da sassaƙa a cikin hanin, sai abin da lalura ta kawo. Sheikh Muhammad bin Salih al-Usaimin ya bambanta zanen hannu da hoton da na'ura ke ɗauka. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, haramcin ya fi ƙarfi a kan cikakkiyar siffa mai jiki wadda ke da inuwa, zane a kan takarda ko bango kuwa hukuncinsa bai kai nan ba. Malamai da dama sun kuma sassauta a kan kayan wasan yara, bisa ruwayar ƴan tsanan Nana A'isha.

Siffar da ke cikin wasan bidiyo ta zo da sabuwar tambaya. Hannun mutum ne ya ƙirƙire ta, tana da kamannin jiki, tana motsi, amma ba a iya taɓa ta, kuma da an kashe na'ura ta ɓace. Amsoshin malaman zamani sun bambanta, kowa da asalin da ya gina a kai.

Gwamnati dai ta riga ta zaɓi hanyarta. An sake buɗe gidajen sinima a 2018, a shekarar kuma aka kafa ma'aikatar al'adu mai zaman kanta. Amma sauyin doka bai share abin da aka karantar da iyaye shekaru da dama ba, kuma a gida ake yanke shawarar abin da yaro zai karanta.

Tsarin sana'ar da kansa ya bar wa mai taka-tsantsan ƙofa. Ɗalibi na iya ƙwarewa a gine-gine, ko tsaunuka da hamada, ko motoci, ko haske, ya yi aiki shekara da shekaru bai zana fuska ko ɗaya ba. Fasahar Musulunci ta ƙayata rubutu da zanen lissafi da adon gini ta ba shi gado mai faɗi a nan. Abin lura kawai shi ne, makarantu masu inganci kan wajabta darasin zanen jikin mutum a shekarar farko, don haka ya kamata iyali su san wannan kafin a cike takarda.

Ka'aba a cikin kwamfuta

Hujja mafi ƙarfi ta horar da masu zane a Makka ta fito ne daga kurakuran da aka yi a wasu wurare. A 2008 kamfanin Sony ya jinkirta fitar da wasan LittleBigPlanet, ya janye kwafin da ya riga ya aika kasuwa, bayan an gano cewa wata waƙa ta makaɗin Mali Toumani Diabaté da ke cikinsa na ɗauke da kalmomin Alƙur'ani. A 2021 masu wasan Call of Duty: Vanguard sun nemi afuwa bayan an ga shafukan Alƙur'ani a ƙasa a wani sashe na wasan.

A shekarar ce kuma cibiyar fatawa ta Azhar ta yi gargaɗi a kan wasan Fortnite saboda wata siffa mai kama da Ka'aba. Kamfanin ya ce wani ɗan wasa ne ya gina ta a sashen da kowa ke iya ƙirƙirar abinsa, kuma ba a iya rushe ta. Irin waɗannan rikice-rikice kan taso ne idan babu wanda ya san nauyin abin a cikin ɗakin da ake yanke shawara.

Hukumomin Makka sun shiga fagen da kansu. A 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta fitar da hotunan Hajarul Aswad masu tsananin kaifi, sannan a watan Disamba Sheikh Abdurrahman Sudais ya ƙaddamar da wani shiri, da haɗin gwiwar Jami'ar Ummul Ƙura, wanda ke ba mutum damar ganin dutsen ta tabarau na musamman kamar yana tsaye a gabansa. Shirin ya jawo muhawara, har hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta bayyana cewa irin wannan ziyara ba ta zama aikin Hajji. Dabarun da aka gina siffar da su kuwa, su ne ake koya wa ɗalibin zanen wasa.

Haka abin yake a wajen kula da cunkoso. Mahajjata sama da miliyan 1.8 ne suka yi aikin Hajjin 2024, kuma turmutsutsun Mina na 2015, wanda ya ci rayukan ɗaruruwan ƴan Najeriya da ƴan Nijar da dama, bai bar zukatan mutane ba. Cibiyar binciken Hajji da Umara ta Ummul Ƙura, wadda masanin gine-gine Sami Angawi ya assasa tushenta a 1975, tana nazarin zirga-zirgar alhazai. Gwada motsin dubban mutane a kwamfuta kafin a gina hanya, da koya wa maniyyaci ɗawafi da jifa tun yana garinsu, ayyuka ne da ke buƙatar mai gina siffofi.

Akwai kuma tarihin birnin. Faɗaɗa Harami da gina otal-otal sun share yawancin tsohuwar Makka, har da ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya da aka rushe a 2002. Tsofaffin unguwanni masu tagogin katako da ake kira rawashin sun rage ne a hotuna da zukatan dattawa. Mai zanen muhalli zai iya sake gina su titi-titi, don makarantu da gidajen tarihi.

An riga an gwada ba da labarin Makka ta zane mai motsi. A 2021 kamfanin Manga Productions, na gidauniyar Misk, ya fitar da fim ɗin The Journey, a kan harin rundunar Abraha a Shekarar Giwa. Ƴan Saudiyya sun yi aiki a cikinsa, amma kamfanin Toei na Japan ne ya ɗauki nauyin haɗa shi, darakta ma Bajapane ne. Fim ɗin ya nuna inda aka tsaya: labarin da kuɗin na gida ne, ƙwarewar kuma an aro ta.

China ta nuna yadda ake cike irin wannan giɓi. Wasan Black Myth: Wukong, wanda ya fito a watan Agustan 2024, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. An gina shi a kan tsohon labarin ƙasar, an kwaikwayi wuraren ibadarta na tarihi, kuma shugaban masu zanensa, Yang Qi, ya yi karatu ne a makarantar fasaha ta birnin Hangzhou. Kafin wannan nasara, masu zane a China sun shafe shekaru suna yi wa kamfanonin Yamma aikin kwangila, suna koyon sana'ar daga ƙasa.

Kasuwa mai girgiza

Ɗalibin da ya shiga fannin yanzu zai fito ne cikin kasuwa mai wahala. Masu bin diddigin masana'antar sun ƙiyasta cewa sama da mutum 10,000 ne suka rasa aiki a 2023, adadin kuma ya ƙaru a 2024. Microsoft kaɗai ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninsa a watan Janairun 2024. Kuɗin Saudiyya ma na da hannu a wani ɓangare na labarin: kamfanin Embracer na Sweden ya rufe rassa ya sallami dubban ma'aikata bayan rushewar wata yarjejeniyar dala biliyan 2 a 2023, wadda rahotanni suka ce da Savvy aka so ƙulla ta.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lissafin. Manhajojin da ke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi sun fi barazana ga ƙananan ayyukan da sabon ma'aikaci ke fara koyo da su. A Amurka, masu sa murya da masu kwaikwayon motsi a wasannin bidiyo sun shafe kusan shekara guda suna yajin aiki daga watan Yulin 2024, a kan wannan batu.

Takardar digiri ita kaɗai ba ta da nauyi sosai a wannan sana'a. Kamfanoni sun fi duba kundin ayyukan da mutum ya yi da hannunsa. Amurka ta ga illar makarantun da suka sayar wa ɗalibai buri da tsada: rukunin makarantun Art Institutes, waɗanda suka koyar da zanen wasanni, sun rufe ragowar rassansu a 2023, bayan shekaru ana ƙorafi a kan bashin da ɗalibai suka kwasa. A Saudiyya jami'o'in gwamnati kyauta ne ga ƴan ƙasa, har da alawus, don haka asarar da ake tsoro ta shekaru ce, idan aka yaye ɗalibai babu kamfanonin da za su ɗauke su.

Sannan ga batun ƴancin mai ƙirƙira. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasar na tace wasanni, kuma a 2023 ba a fitar da Final Fantasy XVI a Saudiyya ba saboda kamfanin ya ƙi yin gyaran da aka nema. A 2024 rahotanni suka ce wata kotu ta yanke wa Abdul'aziz al-Muzaini, ɗaya daga cikin masu shirin barkwancin zane na Masameer, ɗaurin shekara 13. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na zargin gwamnati da amfani da wasanni wajen wanke sunanta tun bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a 2018. Yarima Muhammad ya shaida wa tashar Fox News a 2023 cewa zargin bai dame shi ba muddin harkar na ƙara wa tattalin arziki. Ga matashin mai zane, ma'anar ita ce akwai kuɗin yin aiki, akwai kuma iyakokin da ba duka aka rubuta ba.

Ina Hausawa a ciki?

Makka na da tsohuwar al'ummar Hausawa, jikokin alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, suka tsallaka Bahar Maliya, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Sunayen dangi irin su Hausawi da Barnawi da Fallata sun samo asali ne daga nan. Osama Hausawi, haifaffen Makka, shi ne kyaftin ɗin tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Waɗanda ke da shaidar zama ƴan ƙasa a cikinsu na da dama daidai da kowa a jami'o'i da guraben aikin da shirin 2030 ya yi alƙawari. Waɗanda aka haifa a birnin ba tare da takardu ba kuwa, shiga jami'a da samun aiki a kamfani mai rajista abu ne mai wuya a gare su. Tsarin Nitaqat, wanda tun 2011 ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na ƴan ƙasa, ya kuma nuna wa baƙo cewa an fi nemansa a matsayin gogaggen da zai koyar.

Ga matashin da ke Kano ko Maraɗi, darasin ya fi zuwa Makka muhimmanci. Manhajar Blender kyauta ce, Unity da Unreal ma ba sa cajin mai koyo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen zane mai tarihi tun shekarun 1950, inda ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958 da nufin haɗa dabarun Turai da gadon gida. A Legas, kamfanin Maliyo Games ya horar da matasan Afirka ta shirin GameUp Africa, ya kuma yi wa Disney wasan waya na shirin Iwájú a 2024. Abin da ya fi tsaya wa matasan Arewa shi ne tsadar kwamfuta mai ƙarfi, da rashin wutar lantarki, da kuɗin data.

Kayan labari kuwa suna nan jibge: hawan sallar Kano da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2024, da dambe, da adon gine-ginen Zariya da Damagaram, da labarin Bayajidda da na Sarauniya Amina. Taƙaddamar da ta sa aka soke shirin gina ƙauyen fina-finai a Kofa ta jihar Kano a 2016 ta nuna cewa a nan ma, sana'ar hoto ba ta tafiya idan ba a zauna da malamai da iyaye tun farko ba.

Ma'aunin nasara

Idan 2030 ta zo, za a iya ƙirga kamfanonin da Saudiyya ta mallaka cikin sauƙi. Kamfanin SNK na Japan, wanda wani reshen Misk ya saye, har ya sa Cristiano Ronaldo na ƙungiyar Al-Nassr a cikin wasan faɗansa na 2025. Wannan ya nuna ikon mai kuɗi a kan abin da ke fitowa a allo.

Ma'aunin da ya fi dacewa da alƙawarin 2022 yana cikin jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen kowane wasa: nawa ne a cikinsu suka yi karatu a Makka ko Jidda, kuma a wane matsayi, na masu cike launi ko na masu jagorantar zane. Kafin a kai nan, jami'o'i na buƙatar malaman da suka taɓa fitar da wasa kasuwa, da kamfanoni a kusa da za su karɓi ɗalibai su koya musu aiki, da bayanin malaman addini da zai kwantar wa iyaye hankali. Ɗaliban da suka shiga aji ɗaya a 2026 su ne za su kammala a shekarar da wa'adin zai cika.